In Kin Ji Raɗaɗi, Aiki Yake

"Ɗaga mayafin ta gani!"

Muryar Hajja, uwar saurayina, ce ta daki kunnena tun ban gama cire takalmi a bakin ƙofa ba. Ko sallamata babu wanda ya amsa.

Ɗakin cike yake da mata, amma tsit kamar gidan makoki. A ƙuryar gado Sakina ce zaune, ƙanwar mutumin da zan aura, ta dunƙule cikin mayafi tun daga kai har ƙafa. Saura kwana tara a ɗaura mata aure.

"Hajja, lafiya kuwa?" na tambaya.

"Lafiyar ce ta sa na aika a kirawo ki. Sakina, na ce ki ɗaga!"

Yarinyar ta janye mayafin...

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!

Ban san lokacin da na dafe bango ba. Kumatunta sun saɓule, jawur da su, ruwa na tsattsafowa. Goshinta ya ƙone baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Leɓenta ya kumbura har maganar ma da ƙyar take fita. Sakina fa! Yarinyar da in ta yi dariya sai ka juyo ka sake kallonta.

"Anty Yasmin..." ta ce a hankali. "Ke kika ce in ya yi raɗaɗi aiki yake. Sati uku ina daurewa, wallahi ban tsallake ko rana ɗaya ba."

Hajja ta wurgo wani abu ya faɗo a gaban ƙafata. Kwalbar man shafawa ce, an kwashe ta tas. A jikinta hotona ne, ina murmushi, na tallabe kumatu.

*

Sunana Yasmin, 'yar asalin Misau. Shekara bakwai na yi ina fim. A cikinsu an sake ni sau goma sha ɗaya, na mutu sau huɗu, na haukace sau biyu, kuma duk ranar da aka gama sai na wanke fuska na tafi gida na ci tuwon Innata. Kowa ya san wasa ne, har yaran unguwa.

A wurin aikin ma na haɗu da Nasiruddeen. Mun tare wani lungu a Ƙofar Dumi muna ɗaukar wani fim, ni ina durƙushe ina rusa kukan mijin da ya kore ni, sai ga wani a kan babur ya tsaya yana kallona.

"Malama," ya ce, "in kin gama kukan a ɗan ba ni hanya, ɗalibai na jirana a Yelwa."

Dariya ta ƙwace min cikin hawaye. Darakta ya yi ta masifa, ni kuwa ko a jikina. Bayan sati biyu ya nemo gidanmu a Gwallameji da ledar masa mai zafi a hannu, wai kuɗin ɓata min aiki ya kawo. Tun daga ranar bai taɓa zuwa hannu rabbana ba.

Na so shi, ba zan ɓoye ba. Na so shi irin son da ban taɓa iya kwaikwayonsa a gaban kyamara ba. "Tauraruwata" yake ce min, ni kuma ina ce masa "Malamina".

Amma gidansu gidan malamai ne. Mahaifinsa ya rasu, ƙanin mahaifin, Baffa, shi ne mai yanke magana. Da aka kai masa zancena cewa ya yi, "Ba ma haɗa zuri'a da mai rawa da waƙa." Hajja kuwa dama tana da 'yar ƙanwarta Zuwaira a gidan, wadda ta daɗe tana yi wa ɗanta tanadinta. Shekara guda cur Nasiruddeen yana kai gwauro yana kai mari kafin Baffa ya sauko, shi ma da sharaɗi: in bar fim har abada.

Na bari. Ko waiwaye ban yi ba.

Sai dai tukunyar gidanmu ba ta san soyayya ba, ga Inna, ga ƙannena. Ana haka wani mai shirya tallace-tallace, Elias, ya neme ni. Wani man shafawa ne, Hasken Amarya, suna neman fuskar da za ta tsaya musu a talabijin da rediyo. Na aika aka tambayi Baffa. Ya ce talla ai kasuwanci ce, tunda babu rawa, babu namiji a gefe, kuma da mayafina, to babu laifi. Har albarka ya sa min.

Kun ji fa. Na bar sana'ar da kowa ya san ƙarya nake yi, na koma wadda zan yi ƙarya da sunana na gaskiya, kuma ita aka sa wa albarka.

Ranar ɗaukar tallar, Elias ya ce sai an nuna yadda nake a da, da yadda na koma yanzu.

"Ai ni haka aka haife ni," na ce masa. "Farin nan gadon Innata ne."

"Shi ya sa muke da Liatu," ya ce.

Liatu ƙawata ce, 'yar Bogoro, mai kwalliyar 'yan fim ce tun zamanin da na fara. Awa biyu ta yi tana shafe ni da baƙar hoda, fuska, wuya, har bayan hannu. Aka sa min hijabin 'yan makaranta, aka ɗauki hoto, aka dusashe shi ya zama kamar tsohon hoto. Daga nan ta wanke ni, aka kunna fitilu, na tallabe kumatu na karanta abin da aka rubuta min:

"Ni Yasmin, shi nake shafawa tun ina makaranta. 'Yar'uwa, in kin ji raɗaɗi kada ki tsaya... aiki yake!"

Na tambayi Elias me ya kawo zancen raɗaɗi. Ya ce wasu mata ne da sun ji ɗan zafi-zafi sai su mayar da kaya kanti, kalmar za ta kwantar musu da hankali. Ban ƙara tambaya ba. Sau goma sha biyu na maimaita layin har ya fita da daɗi, kuma na ji daɗin yadda ya fita.

Man kuwa ko murfinsa ban taɓa buɗewa ba. Kwalayen da suke aiko min kyauta a ɗakin ajiya nake jibge su.

Da yammar ranar Nasiruddeen ya zo da masarsa. Muna zaune a ƙofar gida na nuna masa hoton, na ba shi labarin hodar Liatu daga farko har ƙarshe. Ya yi dariya har ya ƙware, sai da na miƙa masa ruwa.

"Tauraruwata, ashe baƙar ma ta yi miki kyau!"

Ku riƙe wannan dariyar, za mu dawo kanta.

*

Tallar ta karɓu fiye da duk finafinaina. Hotona a manyan alluna daga Wunti har hanyar Jos, muryata a kowane keke. Aka kawo kayan sa ranata, aka tsayar da bikinmu wata biyu bayan na Sakina.

Wata Asabar Nasiruddeen ya zo min da ƙanwar tasa gida. Sakina baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi, mai santsi, wanda ba ya buƙatar komai sai man kaɗanya. Amma ranar a takure take. Ashe wata yayar angonta ce ta yar da magana a wurin kawo lefe, wai amaryar dai ba laifi, sai dai ba ta da haske.

Ta matso kusa da ni, ta rage murya.

"Anty Yasmin, don Allah in tambaye ki... da gaske man nan kike shafawa?"

Da na ce a'a, da shi ke nan. Kalma ɗaya tak.

Amma ta yaya zan dubi 'yar gidan malamai, ƙanwar mijin da zan aura, in ce mata ƙarya nake shararawa a talabijin safe da yamma? Ni da aka karɓa da ƙyar? Kunya ta riƙe min harshe, sabo kuma ya sake shi.

"Shi ne mana, ƙanwata," na ce, har da tallabe kumatu.

Nasiruddeen na zaune a kujerar gefe yana danna waya. Ya ɗago, muka haɗa ido, ya yi murmushi ya mayar da kai.

"Akwai su ma a ɗaki," na ƙara, don neman suna. "Ki ɗauki kwali guda, gudummawata ke nan."

Shi ya shiga ya ɗauko kwalin. Shi ya ɗaure shi a bayan babur da hannunsa.

Sauran kuwa al'ada ce ta ƙarasa. Amarya in biki ya matso ba ta fita rana, tana ɗaki a lulluɓe, ana gyaran jiki. Sakina ta shige ɗaki ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce kada kowa ya gan ta sai ranar kamu. Kowa ya ɗauka kunyar amarci ce, har tsokanarta ake yi. Ita kuwa tana ciki tana shafawa safe da yamma, fatarta na ci da wuta, rediyon tsakar gida na gaya mata da muryata cewa kada ta tsaya. Sai ranar da mai dilka ta zo ta yaye mayafin, ta ƙwalla ihu.

*

"Ke nake saurare," in ji Hajja. "Ke da kike shafa shi tun kina makaranta, me ya sa taki fuskar ba ta ƙone ba?"

Kafin in haɗa kalma, Zuwaira ta miƙe daga bakin gado da waya a hannu.

"Hajja, bari in taya ta amsa."

Ta danna, ta ɗaga wayar kowa ya gani. Ni ce zaune a kujera, rabin fuskata fari, rabi baƙi, Liatu na shafa hoda, ina ƙyalƙyala dariya ina cewa, "Ƙara a wuya, kada a gane!"

Na tuna bidiyon. Liatu ce ta ɗora a shafinta don nuna gwanintarta, Elias ya yi mata faɗa ta goge kafin awa guda. Wata takwas ke nan.

Ɗakin ya kaure da salati.

Na dubi Zuwaira. "Tun yaushe kike da wannan?"

"Ina ruwanki?"

"Ɗaki ɗaya kuke kwana da Sakina! Kina kallonta tana shafawa, kina da wannan a wayarki, kika yi shiru?"

"Au, ni za ki mayar wa laifin? Ni na ba ta kwali? 'Yar fim dai 'yar fim ce, Hajja, na sha gaya miki!"

Babu wanda ya bi ta kan tambayata. Wa zai saurari maƙaryaciya?

Sai a lokacin na lura da Nasiruddeen, yana tsaye a bakin ƙofa, idonsa jawur. Hajja ta juya gare shi.

"Nasiru, zo nan. Tsakaninka da Allah, ka san da wannan?"

Na zuba masa ido. Zuciyata na cewa faɗi, Malamina, faɗi mu raba kayan nan biyu, ba zan iya ɗauka ni kaɗai ba...

Ya dubi ƙanwarsa. Ya dubi uwarsa. Ni ce kawai bai duba ba.

"Ban sani ba, Hajja."

Na sha mari a fim, na gaske ma, in darakta ya ce bai fito ba a sake. Babu wanda ya taɓa shiga jikina kamar wannan.

"To kin ji," in ji Hajja. "Shi ma kin cuce shi. Tashi ki bar min gida."

Na fita ba takalmi, sai a bakin titi na lura.

*

Washegari Elias ya kira.

"Kwantar da hankalinki. Za mu ce jabu ta saya a kasuwa. Bidiyon kuma mu ce daga wani tsohon fim ne. Ke dai ki yi shiru, sati biyu an manta. Surukanki ma sai sun ba ki haƙuri."

"Daga hannunka kwalin ya fito, Elias."

"Wa ya sani?"

"Ni."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi tunanin tayinsa. Kwana biyu ina juya shi, don hanya ce da za ta iya mayar min da aurena. Amma duk sanda na rufe ido sai in ga leɓen Sakina yana cewa ban tsallake ko rana ɗaya ba.

Rana ta uku Liatu ta zo, idonta a kumbure, ta fara da Hausarta ta 'yan Bogoro.

"Yasmin, ka yafe ni. Ni ne na sa bidiyo ɗin."

"Ba ke kika yi magana a talabijin ba. Riƙe min wayar nan."

Na wanke fuska da sabulu, na zauna a tsakar gida ba hoda ba jan baki, na ɗaga hotona na gaskiya na 'yar firamare wanda Inna ta ciro daga ƙasan akwati. Na faɗi komai. Na ce ban taɓa shafa man ba, na ce hoton fenti ne, na ce duk wadda ta ji raɗaɗi ta tsaya ta nemi likita. Sau ɗaya aka ɗauka, ba maimaici. Sunan mutum ɗaya kawai na bari a cikina.

Kun san me ya biyo baya? Zagi. Wasu suka ce an ƙwace min tallar ne nake hassada. Wasu suka ce sabon fim nake tallatawa. Kamfanin ya sauke hotona daga alluna ya ɗora na wata yarinya, amma muryata ta ci gaba da fita a rediyo. Baffa ya aiko a gaya wa kawuna an dakatar da magana. Bikin Sakina aka ce sai ta warke, bayan sati shida dangin angon suka aiko a ba su akwatunansu.

Nasiruddeen kuwa saƙo yake turo min kullum: "Ki yi haƙuri, ina nan." Ban amsa ko ɗaya ba.

*

Sai da aka kwantar da Sakina a asibiti na samu ganinta. Na yi ta gadi a bakin ɗakin har Hajja ta tafi sallar azahar, na lallaɓa na shiga.

Ciwon ya kame, amma tabon ya zauna, dabbare-dabbare, wani wuri fari wani baƙi. Likita ya ce zai dusashe, amma ba zai tafi duka ba.

Na durƙusa a gaban gadon. Ni da nake kuka da umarnin darakta, ranar na kasa tsayar da shi.

"Tashi, Anty. Na ga bidiyonki."

"Ki yafe min, Sakina... ko ba yau ba."

"Na yi fushi da ke sosai. Har addu'a na yi a kanki, ba mai kyau ba." Ta juyo ta dube ni. "Amma ke kin faɗa da bakinki, duniya na zaginki. Na yafe."

Na kama hannunta na kifa fuskata a kai.

"Yaya ya sani, ko?"

Na ɗago a razane.

"Kada ki wahalar da kanki. Na ga murmushin da ya yi miki ranar da na tambaye ki. A lokacin na ɗauka na soyayya ne. Ina kwance a nan na gane ko na mene ne." Hawaye ya gangaro ta kan tabon. "Kullum sai ya zo da lemo da ayaba, ya zauna yana tsine wa kamfani. Ni kuma ina kallon bakinsa, ina jira ya ce, Sakina, ni ma na sani, ki yafe min. Shi ke nan fa abin da nake jira."

"Zan gaya masa..."

"A'a!" Ta damƙe hannuna. "In kika gaya masa na sani, ba shi ya faɗa ba ke nan. Ki yi min alkawari. Hajja ma ba zan gaya mata ba, hawan jininta ba zai ɗauka ba. Amma wallahi, Anty, ranar da ya faɗa da kansa, ni zan durƙusa gaban Hajja da Baffa in roƙe su su bar ku ku yi aure. Fuskata ce, in na ce na yafe wa zai ƙi?"

Na yi mata alkawari.

A keken da na hau zuwa gida akwai wata budurwa da leda a cinya, na hango murfin kwalbar a ciki. Na janye mayafina na ce, "Ƙanwata, kin gane ni? Don Allah kada ki shafa wannan. Ni ban taɓa shafa shi ba."

Ta ƙare min kallo sama da ƙasa, ta taɓe baki.

"Kowa ya yi fari haka yake cewa. Kun haye, ba kwa so mu haye."

Ta sauka a Wunti da ledarta.

*

A ƙofar gidanmu na same shi bayan la'asar, jingine da babur, ledar masa a hannu. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Zuciyata, marar zuciya, sai da ta yi tsalle.

"Tauraruwata..."

"Yasmin sunana."

"Ki saurare ni, don Allah. Ban ci amanarki don ba na son ki ba. Hajja ce a gabana, ga Sakina a haka... harshena ne ya kufce. Kullum da abin nake kwana."

"Ni kuma da me nake kwana?"

"Na sani, abar ƙaunata, na sani. Ki ba ni shekara ɗaya. Ƙura za ta lafa, Sakina za ta samu sauƙi, in sake tayar da maganar a hankali. Zuwaira suke so su liƙa min, na ce ban shirya ba. Ke nake so, wallahi ke kaɗai!"

"Na yarda kana so na. Abin takaicin ke nan."

Na ciro wayata. Ni na san abin da ke ɗaya gefen, shi bai sani ba. Aurenmu gaba ɗaya yana nan a ajiye, kamar kaya a bayan ƙofa, jira kawai yake ya tura.

"Ba na buƙatar shekara, Malamina. Minti ɗaya nake so. Ba Hajja ba, ba Baffa ba. Sakina kawai. Ka gaya mata ka san fenti ne ranar da ka ɗaura mata kwalin a babur."

Fuskarsa ta sauya. "Yasmin, yarinyar nan ni take gani a matsayin uba. In ta ji wannan..."

"Ka gwada ta."

"Za ta tsane ni har abada!"

"Ka gwada ta, Nasiruddeen! Don girman Allah ka gwada ta!"

Alkawarin na ƙona min harshe. Na danna lambarta, na buɗe murya yadda duk za mu ji, na sa masa wayar a tafin hannu.

Ƙara ɗaya, biyu...

"Anty Yasmin?"

"Ga Yayanki," na ce. "Yana da magana."

Ina jin numfashinta ta cikin wayar, ta riƙe shi kamar yadda na riƙe nawa.

"Yaya? Ina jin ka."

Ya buɗe baki. Na ga maganar ta taso har maƙogwaronsa, wallahi na gan ta. Na haɗa hannuwana biyu a ƙirji ina roƙonsa da ido...

"Sakina..." ya ce. "Ya... ya jikin? Kin sha maganinki na rana?"

Wani keke ya wuce. Can cikin gida Inna na kiran ƙanwata ta kwashe shanya.

"Na sha, Yaya," in ji Sakina, muryarta a sanyaye. Ta ɗan jira, ta ƙara ba shi lokaci, Allah sarki. Da ta ji babu abin da ke tafe sai ta ce, "Anty Yasmin?"

"Na'am, ƙanwata."

"Ki yi haƙuri. Na so ki zama matar Yayana."

Ta kashe.

Ya tsaya yana kallon wayar. "Me take nufi?"

Na karɓi abata daga hannunsa. Ban yi ihu ba, ban yi kuka ba. Duk kukan da na iya na sayar da shi a fim, ragowar na bar shi a asibiti.

"Gobe kawuna zai mayar da kayan sa rana."

"Yasmin, ki tsaya! Zan faɗa mata, wallahi zan faɗa, ki bar ni in shirya..."

"Ni sau goma sha biyu na maimaita ƙaryata kafin ta fita da kyau. Gaskiyar sau ɗaya na faɗe ta. Ba a shirya mata, Malam."

Ya miƙo min ledar, kamar ita ce za ta yi masa magana. Ƙamshin masar ya bugi hancina, na tuna ranar farko, na tuna dariyarsa har da ƙwarewa. Na so in karɓa. Allah ya sani na so.

Na shiga gida na tura ƙyaure.

Bayan babbar sallah aka ɗaura masa aure da Zuwaira. Ni yanzu atamfa nake sayarwa a wani ɗan shago a Gwallameji, in mace ta tambaye ni ko tana zuba, sai in ce mata tana zuba. Ranar Juma'a Sakina kan biyo ta shagon da niƙabinta, mu ci masa tare a bayan kantar shagon, inda za ta iya ɗage shi ba mai kallo.

Har yau yana kai mata lemo da ayaba. Har yau tana jira.